Kawu, Tumakinsa da Wayar Zuciya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Wannan ban taɓa musunsa ba, ko a safiyar Asabar ɗin da aka kira ni a waya ina Paris aka ce Kawu ya faɗi a matakalar bene bai tashi ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne abin da kunnena ya ji a zaman makoki, da abin da aka yi masa kwana biyu kafin rasuwarsa. Shi ya sa na zauna rubutu. In na yi shiru, nan da shekara biyar abin da za a riƙa tunawa ke nan: wani dattijo mai kirki da ke share garken tumakin Turawa.

Haka wani Alhaji ya faɗa, ba ni na ƙaga ba. Daga Paris ya zo, ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin duniya, da shaddarsa da turarensa da ya cika falo. Gidan Kawu a Rillieux-la-Pape yake, wata unguwa a gefen birnin Lyon, hawa na huɗu. Ranar sadakar uku maza sun cika falo, mata sun cika ɗakuna da kicin, takalma sun gangara har matakala. Da aka shafa addu'a sai Alhajin ya gyara murya.

"Marigayi bawan Allah ne mai tawali'u," in ji shi. "Shekara talatin yana shara yana ba tumaki ciyawa, bai taɓa raina sana'arsa ba. Darasi ne ga yaranmu masu girman kai."

Maza suka amsa, "Haka ne. Allah ya jiƙansa."

Ina tsaye a bakin kicin da faranti cike da kofunan shayi. Wata mata ta karɓe shi daga hannuna. Ni ɗiyar ƙanwar Kawu ce. Shekara bakwai na yi a ƙaramin ɗakin gidan nan ina karatu, yau kuma likitar zuciya ce a Paris. Na san abin da hannun mutumin nan ya iya. Amma mace ba ta tsallaka falon maza ranar makoki ta gyara wa Alhaji zance, don haka na koma kicin na wanke tukunyar da aka riga aka wanke.

Matar Kawu, wadda duk muke ce wa Tanti, tana zaune a kan tabarma a kusurwar ɗaki da carbi. Ta ji maganar, ba ta ɗaga kai ba. Wurin aikinsa kuwa furanni suka aiko, ƙaton dami da kyalle a jiki, an rubuta sunansa da kuskure. Shekara talatin da ɗaya, ba su iya rubuta sunansa ba. Tanti ta dube su sau ɗaya ta ce, "Ku kai baranda, kar su tare wa mutane hanya."

Mutum ɗaya ce ta yi kukan da ya dace da shi: tsohuwar hawa na biyu, 'yar garin Tawa, wadda duk gidan ke kira Kaka. Tana kuka tana bubbuga ƙasan kafaɗarta ta hagu, tana cewa, "Abin nan da ke nan, shi ya sa na yarda aka sa mini! Ni da na girme shi ina zaune, shi ya tafi?" Mata suna ba ta haƙuri, wasu suna raɗa cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Za ku ji.

Amma bari in fara faɗin aikinsa, tunda waɗanda suka sha shayinsa shekara da shekaru ba su taɓa tambaya ba.

Zuciya tana da wutarta, da hanyar da wutar ke bi. In hanyar ta yanke, bugun zuciya sai ya ragu, mutum ya ji jiri, ya yanke jiki ya faɗi. Maganin shi ne a sa ɗan ƙaramin batir a ƙarƙashin fata, wanda a nan ake ce wa pil, da siririyar waya daga jikinsa zuwa cikin zuciya. Ba a tsaga ƙirji. Wani siririn bututu mai laushi ake zurawa ta jijiya, sunansa kateta, likita yana tura shi a hankali yana kallon hotonsa a allo har ya isa cikin zuciya. Ta cikinsa wayar ke bi. Bakinta murɗaɗɗe ne, sai a juya shi ya kama naman zuciya, sannan a zare bututun. In juyin ya gaza, wayar ta kuɓuce. In ya wuce, an huda zuciya. Kafin kuma kowane sabon kateta ko sabuwar waya ta taɓa ɗan Adam, a jikin tunkiya ake gwadawa, domin zuciyarta kusan girman tamu ce.

A nan Kawu ya shigo. A ƙauyenmu da ke gabas da Damagaram ya tashi yana kiwo, ya yi karatun malamin dabbobi, aka turo shi Lyon kwas na wata shida. Wani labo, wato gidan bincike, da ke gefen gari, inda ake irin wannan gwaji, ya ga hannunsa ya riƙe shi. A takarda suka rubuta "mai kula da dabbobi". Haka takardar ta zauna har ya yi ritaya. Gaskiya ne yana shara, yana ba da ciyawa, bai kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Amma shi ke nemo jijiya a wuyan tunkiya. Shi ke fara zura kowane sabon bututu kafin kowa ya taɓa. Likitocin da ake turowa daga Paris su koyi aikin, shi ke tsayawa bayansu sanye da rigar dalma mai kare jiki daga hasken hoto, yana riƙe musu gwiwar hannu. Da yawansu yanzu manya ne. "Yaran nan" yake ce musu.

Yana da maganganunsa. In likita ya fara tura kateta da ƙarfi, sai ya ce, "Jijiya ba a yi mata dole. In ta ƙi ka, ja baya ka sake sallama." In ya ga mutum ya ƙura wa allo ido ya manta da dabbar, sai ya ce, "Ba allon ne ke da rai ba, duba ƙasa." Da Faransanci yake faɗa musu, amma fasalin maganar na Hausa ne, sai su yi dariya su rubuta a littafi.

Yana da butar shayi a labo, kuma ba shayi kawai take yi ba. Zai dubi ƙirjin tunkiya, ya shafa haƙarƙarinta, sannan ya kara bakin kateta a tururin butar har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi da babban yatsa, ya tsoma a ruwan sanyi. Da wannan lanƙwasar bututun ke kai waya daidai kan bangon da ke tsakiyar zuciya, wurin da likitoci ke shan wahalar kaiwa. Shekaru ya yi yana gyara ta, yana ƙara kaɗan, yana rage kaɗan.

A gida kuma, Tanti ba ta barin rigar aikinsa ta wuce baranda saboda warin garke. Da layya shi ke yi wa rabin unguwa fiɗa, amma tun da ya fara wannan aiki bai ƙara cin zuciya ba. In an soya aka miƙo masa, sai ya tura wa na kusa da shi ya ce, "Mun saba da ita da yawa."

Ina shekara ta uku a karatun likita ya fara koya mini. Ya sami wata tiyo ta roba ya murɗa ta cikin kwali, ya ba ni tsohon kateta da aka zubar. Kowace Lahadi bayan la'asar sai ya ce in rufe ido da ɗankwalina in zura. In na tura da ƙarfi sai in ji ya ɗan buge mini bayan hannu. "Ɗiyata, yatsa ke gani, ido rakiya yake yi." Tanti tana daga kicin tana cewa a bar yarinya ta huta. Yau duk wayar da na sa a zuciyar mutum, daga kwalin nan ta fito.

Sau ɗaya na ga ya yi fushi a wurin aiki. Lokacin an tura ni labo ɗin horo na wata biyu, kuma shi da kansa ya ce kar in faɗa wa kowa dangantakarmu, don kar a ce alfarma aka yi mini. Shugaban wurin wani Farfesa ne, dogo, mai saurin magana. Ran nan ya zo da baƙi daga Paris zai nuna musu sabuwar waya, yana ta duba agogo don jirginsu na ƙarfe huɗu. An sa wa tunkiya maganin barci, Kawu ya buɗe jijiya, Farfesa ya zura. Da ya fara juya wayar sai Kawu ya ce a hankali, "Ya isa, Farfesa. Bangon wannan siriri ne."

Farfesa bai ko waiwayo ba. Ya ƙara juyi biyu. Muna kallo layin da ke nuna ƙarfin jininta ya fara sauka. Kafin minti goma ta mutu.

Ya zare safar hannu ya ce wa baƙin, "Dabbar dama ba ta da lafiya." Sannan ya ce wa Kawu, "Kawo ta biyu."

Kawu ya cire rigar dalma, ya rataye ta a wurinta, ya je ya tsaya a ƙofar garke.

"Babu ta biyu yau," in ji shi.

"Me ka ce?"

"Lafiyarta lau, ni na duba ta da safe. Kai ka huda ta. Faɗa wa baƙinka haka, su ma su koya, sai in kawo maka wata."

Fuskar Farfesa ta yi ja har kunne. Baƙin suka hau duba takalmansu. Aka dakatar da Kawu mako biyu. Kwana shida aka yi aka kira shi a waya, don aiki ya tsaya cik, ba wanda ke iya abin da yake yi. Ya koma. Ba wanda ya ba shi haƙuri.

Ranar da abin ya faru, muna cin tuwo, na ce, "Kawu, a kan tunkiya za ka rasa aikinka?"

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Ba mutuwarta ce ta dame ni ba. Dukansu a hannunmu za su ƙare, na sani, kuma na san za a tambaye ni a kansu. Ƙaryar ce. Wanda ya yi wa tunkiya ƙarya yau, gobe 'ya'yan mamaci zai yi wa."

Yanzu maganar Kaka. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta fara faɗuwa a gida. Asibiti suka ce sai an sa mata pil, ta ce atafau ba a sa mata waya a zuciya. 'Ya'yanta sun yi lallashi, sun yi faɗa, a banza. Ita tsoronta biyu ne: kar abin ya hana ta mutuwa ranar da Allah ya kira ta, kuma kar wani ya kashe ta daga nesa kamar yadda ake kashe talabijin. Kawu bai yi mata wa'azi ba. Wata ranar Lahadi da zai je ba dabbobi abinci, ya sauka hawa na biyu ya yi sallama.

"Hajiya, ɗauko mayafinki ki raka ni unguwa."

Ya sa ta a bas har labo. Doka ta hana shigar da baƙo, da an gan shi da an kore shi. Ya kai ta gaban wata farar tunkiya da ke tuƙa abinta, ya kama hannunta ya ɗora a gindin wuyan dabbar.

"Taɓa nan. Me kika ji?"

"Wani abu mai tauri."

"Irin wanda za a sa miki ne. Wata tara ke nan yana jikinta."

Kaka ta daɗe tana kallon tunkiyar. "Tana barci kuwa?"

"Har da minshari."

"To, za ta mutu?"

"Ranar da aka rubuta mata, Hajiya, ko minti ɗaya ba za ta ƙara ba. Abin nan ba ya hana ajali. Faɗuwa a banɗaki yake hanawa."

Ta yi dariya har da hawaye. A makon aka yi mata aikin, shi kuma ya ɗauki hutun yini ya zauna a baranda har aka fito da ita. Ba ita kaɗai ba ce. Duk dattijon unguwa da aka ce za a zura masa wani abu ta jijiya, ɗan Nijar ne ko ɗan Mali ko Balarabe, ƙofar Kawu yake fara bugawa.

Ba zan rubuta laifin wasu in ɓoye nawa ba. Shekarar da na gama ƙwarewa, an yi babban taron likitocin zuciya a Paris, aka ba ni minti goma in yi jawabi. Kawu ya hau jirgin ƙasa na safe daga Lyon cikin babbar rigar da Tanti ta goge masa, da hularsa ta salla. Ya zauna a layin baya. Kafin nawa jawabin, Farfesa ne ya hau. Ya haska hoton wani sabon kateta da kamfani ya fara ƙerawa, bakinsa a lanƙwashe. Ina ganinsa na gane shi. Lanƙwasar butar shayi ce, ba ƙari ba ragi. Farfesa ya ce shekara goma ya yi yana tunaninta. Ya gode wa kamfani, ya gode wa matarsa. Aka yi tafi. Na waiwaya, na ga Kawu ma yana tafawa.

A hutun shan kafe ina tsaye da Farfesa da wasu manya biyu waɗanda a hannunsu neman aikina yake. Sai ga Kawu ya nufo mu yana murmushi.

"A'a, ga mai tumakinmu!" in ji Farfesa. "Me ya kawo ka nan?" Ya juyo gare ni. "Kin tuna shi?"

A lokacin ba sauran dalilin ɓoyewa. Na gama karatu, ba wanda zai ce alfarma ce. Kalma ɗaya ce: kawuna ne, shi ya rene ni, shi ya koya mini. Na dubi babbar rigarsa a tsakiyar kwat-kwat, na dubi manyan nan biyu, na ce, "E, ɗan ƙasarmu ne."

Kawu ya dube ni. Murmushinsa bai gushe ba. "Haka ne," in ji shi, "ƙasarmu ɗaya."

Ya saurari jawabina har ƙarshe, sannan ya hau jirgin yamma, bai ci abincin da na dafa masa ba. Wata uku na yi ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Daga baya na je Lyon, na same shi a falo, na durƙusa.

"Tashi, Likita," ya ce. "Jawabinki ya yi kyau, sai dai kin yi sauri a hoto na huɗu." "Na yafe tun a jirgi. Amma ba zan ce miki bai yi zafi ba."

Na ce to maganar katetan fa, mu rubuta takarda, akwai shaidu, ni ma shaida ce. Ya girgiza kai.

"Yana kai wayar inda ake so?"

"Yana kaiwa."

"Tana zama?"

"Tana zama."

"To."

Shi ya ce "to". Ni ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Mutane suna yabon haƙurinsa kamar wata riga ce mai kyau da ya sa. Ni na ga waɗanda suka yi ta cin abinci a kan haƙurin nan. Sun san ba zai kai ƙara ba, sun san zai dawo ranar Litinin, shi ya sa suka yi abin da suka yi.

Shekara uku da yin ritayarsa, wata Laraba, ya faɗi a kasuwa. Ya ce santsi ne. Alhamis da hantsi ya sake faɗuwa yana alwala. Da ya farfaɗo sai ya zauna a bakin gado, ya ɗora yatsu a wuyan hannunsa yana kallon agogo. Ya ce wa Tanti ta ɗauko mayafi. Suka tafi sashen gaggawa na wani asibiti. Awa biyar suka yi a kan kujera. Kafin a zo kansa a yi masa awon zuciya, bugun ya dawo daidai, don wannan cuta haka take, tana zuwa tana tafiya. Takarda ta fito lafiya.

Tanti ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, kalma da kalma. Likitan matashi ne. Kawu ya ce masa, "Ɗazu talatin da huɗu ne a minti. Sau uku na ƙirga. Hanyar wutar ce ke yankewa tana dawowa. Ku kwantar da ni, ku sa mini na'urar da za ta riƙa kallon zuciyar har gobe."

Likitan ya yi murmushi. "Kai likita ne, Malam?"

"A'a. Tumaki na yi wa aiki."

Yaron ya yi dariya. Ya dafa masa kafaɗa ya ce gajiya ce da shekaru, ya riƙa shan ruwa, ya ga likitansa cikin mako. A takardar da na karanta daga baya, ya rubuta cewa mara lafiyar mai yawan damuwa ne. Dattijo ya faɗi sau biyu cikin kwana biyu, ya faɗa maka sunan cutarsa da bakinsa, ya faɗa maka abin da za ka yi, kai kuma abin da ka gani baƙin tsoho ne mai hula da ke ƙara wa ciwo gishiri.

Bai kira ni ba. Tanti ce ta kira ni Juma'a da safe a ɓoye. Na ce ta ba shi wayar.

"Kawu, ka koma asibiti yanzun nan. Ko in kira motar asibiti ta zo ta ɗauke ka."

"Ba zan koma a sake yi mini dariya ba, ɗiyata. Gobe da safe zan hau jirgi in zo wurinki. Ke za ki sa mini. Ina son in ga ko har yanzu kina turawa da ƙarfi."

Na yi dariya. Allah ya gani, dariya na yi. Ina da marasa lafiya shida a jere ranar. Tsakanin Paris da Lyon awa biyu ne a jirgi. Na san cutar nan fiye da yaron da ya sallame shi, na san ba ta jiran gobe. Amma muryarsa ta fito da ƙarfi, kuma tun ina yarinya in ya ce "gobe" ban taɓa ce masa "yau" ba. Na ce Allah ya kai mu. Asabar da safe ina asibitinmu ina shirya masa gado aka kira ni. Jakarsa na hannunsa ya faɗi, tsakanin hawa na huɗu da na uku.

An rufe shi a Lyon, a ɓangaren Musulmi. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Amma ranar bakwai, da baƙi suka watse, Tanti ta kira ni ɗaki ta ce in rufe ƙofa.

"Ke likita ce. Tsakaninki da Allah, da sun kwantar da shi, da an sa masa abin nan?"

"Da an sa, Tanti."

"Aikin awa nawa ne?"

"Bai kai awa ɗaya ba."

Ta ja carbi sau uku ko huɗu. "Ajali na Allah ne, ban ja da shi ba. Amma dariyar ba ta Allah ba ce. Ki rubuta musu. Ki ce ina son ganin yaron, in na fita takaba."

Na rubuta. Suka amsa da takarda mai shafi biyu cewa an bi ƙa'ida. Na sake rubutawa, wannan karon da sunan asibitina a sama da duk muƙamaina a ƙasa. Nan da nan aka ba mu rana. Ku lura da wannan ma.

Wata huɗu da kwana goma Tanti ba ta taka ƙofar gida ba. Ranar da ta fita, ba gidan 'yan'uwa ta fara zuwa ba. Wani ɗakin taro aka kai mu, da shugabar sashen, da wani mutum mai tarin takardu, da yaron a ƙarshen tebur yana kallon hannunsa. Shugabar ta fara bayani mai tsawo a kan cunkoso da ƙarancin gadaje. Tanti ta bari ta gama. Sannan ta tashi, ta zagaya teburin, ta tsaya a gaban yaron, ta janye mayafi daga hannunta ta miƙa masa. Tana jin Faransanci, amma da Hausa ta yi magana, ta ce in fassara.

"Ce masa ya ƙirga."

Ya dubi shugabarsa. Ya ɗora yatsu a wuyan hannun Tanti, ya dubi agogonsa. Bayan ɗan lokaci ya ɗago zai yi magana.

"Minti cikakke," in ji Tanti.

Ya mayar da kai. Ban taɓa sanin minti ɗaya na da tsawo haka ba. Mai takardu ya daina juya takardunsa.

"Saba'in da shida, Madam."

"Mijina nawa ya ce maka?"

Na fassara. Na ɗauka zai ce ya manta, ko ya ce mutane da yawa yake gani a yini. Bai ɗago ba.

"Talatin da huɗu."

Tanti ta zare hannunta, ta gyara mayafi.

"Ashe ka ji shi," ta ce.

Ta ɗauki jakarta muka fito, ta ce in kai ta maƙabarta.

Ya Allah, ga bawanka da ya tausaya wa dabbobin da ba su da bakin godiya, da mutanen da suke da baki ba su gode ba. Ka yalwata masa makwanci, ka yafe masa, ka yafe mini jinkirin yini ɗaya. Ku da kuka karanta, in kun yi masa addu'a, ku yi wa malamin likitoci.